Isiyaku, Ka Jira Ruwa Ya Sauka Tukuna

Daga Kazage, cikin bazara.

Zuwa ga ɗana Isiyaku,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare min kai a inda kake, ya kare ka daga sharrin hanya da na dajin da kake shiga kullum, ya sa aikin nan na gandun daji ya karɓe ka. Mu nan lafiya lau. Matarka Saude tana gaishe ka, haka ma ɗanka Iro, angon nan nawa da ba ya ba ni ko kuɗin cefane sai ɓarna. Ba labarin gari zan ba ka ba. Wanda ya rasu da wadda ta haihu duk za ka ji a bakin direban motar katakon da zai kawo maka wannan. Da hannuna nake rubutawa, da yaƙi da jahilcin nan da kuka riƙa yi min dariya a kansa, don haka in ka ga baƙi ya karkace ka karanta shi a haka.

Tun ranar da ka zo ka zauna a ƙofar ɗakina kana ba mu labarin gidan da za ka saya a Birnin Gwari, ban daina juya maganar a raina ba. Kana magana bakinka har kunne. Ka ce gidan yana ƙasan titi, bayan tasha. Ka ce akwai rijiya a tsakar gida, igiya kaɗan guga ya taɓa ruwa. Ka ce mai gidan mutumin kirki ne, har sabon siminti ya shafa wa gindin bango. Ka ce sauri yake yi, so yake a gama ciniki kafin ruwa ya sauka. Da na ce maka to ruwa fa, sai ka yi dariya ka ce, "Inna, ai babu rafi ko kusa da wurin." Na yi shiru saboda mahaifinka yana zaune. Amma duk abin da ka faɗa don yabon gidan nan, ni faɗuwar gaba ya ƙara min. Saude tana da juna biyu, ungozoma ta ce cikin marka za ta sauka, kai kuma so kake ka zo ka kwashe su ita da Iro ka kai su can. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Ka tashi ka ga yayarka tana jan ƙafa, kuma ka san katanga ce ta faɗo mata. Kowa ya sani. Sai dai ba ka taɓa jin abin daga bakina a jere ba, daga farko har ƙarshe. To yau ka saurara, don gidan da kake yabo na taɓa zama a irinsa.

Lokacin muna tsohon garin Birnin Gwari, kafin mutane su kwararo bakin titi inda kake yanzu. Yayarka tana goye a bayana, muna zaune a gidan kakanka, ɗaki ɗaya, ga nisan rijiya. Kullum sai na yi sawu da tulu har wuyana ya ƙage. Shekarar da dawa ta yi kyau, mahaifinka ya ce zai saya mana gida. Ka san halinmu: cinikin gida da rani muke yi, don lokacin ne amfanin gona yake hannu, lokacin ne kuma ake gini da yaɓe. Shi ya sa duk mai saye gidan rani yake gani. Aka nuna masa gidaje biyu. Ɗaya a kan tudu, ƙasa jangargari, ba inuwa, ba rijiya. Ɗaya a gangare, da rijiya a ciki, ga ayaba da gwaza a lungu kore shar a tsakiyar rani. Ina leƙa rijiyar nan na ga fuskata kusa-kusa, shi ke nan hankalina ya tafi. Mahaifinka na tudun yake so. Na yi fushi, na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba magana, har ya gaji ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ni na zaɓi gidan nan, ba shi ba. Kuskurena na farko ke nan.

Isiyaku, rijiyar da ruwanta yake kusa da rani, da damina a bakinta yake kwana. Ayabar da ta yi kore ba mai ba ta ruwa, ƙasar wurin ce ba ta bushewa. Ni gajiyar tulu ta rufe min ido. Kai ma na san abin da ya rufe naka: ka gaji da ɗakin haya, kana kewar iyalinka, kuma kana so abokan aikinka su ce Malam Isiyaku ya yi gida. Ba laifi ba ne. Amma ka koma ka dubi rijiyar nan da idon mai tsoro, ba da idon mai ƙishirwa ba.

Kuskurena na biyu, ban tambayi kowa ba, kuma da aka faɗa min ban ji ba. Ranar da muka tare na ga an yi wa gindin katanga sabon yaɓe har gwiwa, an goge shi da makuba yana ƙyalli. Na ce kai, mutumin nan ya san mutunci, ya gyara mana gida kafin ya fita. Akwai wata Bagwariya mai kawo mana itace, Ladi sunanta, 'yar coci ce daga wajen Gwaska, doguwar mace mai ɗaukar kaya a kafaɗa irin tasu. Ta sauke itacenta a zaure, ta dubi yaɓen, ta sa farce ta ɓantare kaɗan. A ƙarƙashi bangon baƙi ne, da gansakuka busasshiya. Ta ce min, "Uwar gida, nan ruwa yana zama. Muna yara, nan muna kama kwaɗi." Ni kuwa da rawar kan sabon gida na ce mata, "Ladi, itace na saya, ban sayi magana ba." Ta ɗauki igiyarta ta tafi.

Saboda haka simintin nan da kake yabo, ka duba iya inda ya tsaya. In a gwiwa ya tsaya, ka tambayi kanka me ya sa a gwiwa. Ka shiga ɗakunan ka rufe ƙofa ka shaƙi iska, ɗakin da ruwa ya taɓa kwana a ciki warinsa ba ya fita. Ka dubi dokin ƙofar maƙwabta. In ka ga kowa ya ɗaga nasa sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga, ba ado suka yi ba. Kuma kada ka tambayi dillali, shi la'adarsa yake jira. Kada ma ka tsaya a kan mazan unguwa, su in ana ruwa suna kasuwa ko gona ko rumfar wani. Mata ne suke kwashe ruwa da ƙwarya, su suke shanya tabarmi. Ka nemi wata tsohuwa a layin, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ba ta goro, ka ce, "Iya, in an yi ruwa mai yawa ina yake bi?" Sannan ka rufe bakinka ka ji. Ni da na rufe nawa a gaban Ladi da ba haka ba.

Na uku shi ne babba, kuma shi nake so ka karanta sau biyu.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga yaɓen nan ya zube a wasu wurare a katangar baya, ramuka suka bayyana a gindinta. Ashe rariya ce, ƙofar ruwa, tsohon mai gidan ya cusa mata tsumma ya shafe. Gidajen da ke samanmu duk ruwansu ta nan yake shigowa, ya ratsa tsakar gidana, ya wuce ta gefen murhu, ya fita ta wata rariyar kusa da zaure. Haka unguwar take tun kakanni: ruwan na sama ta gidan na ƙasa yake bi, na ƙasa ya miƙa wa na ƙasa da shi, har ya kai fadama. Ba a rubuta ba, amma kowa ya sani, kuma wanda ya sayi gida ya saya har da ruwan maƙwabtansa. Ni ban sani ba, don a ƙauyenmu gidaje ba su manne da juna.

Daminar farko na haƙura. Da an yi ruwa sai ga kashin awaki, da toka, da ɓawon gyaɗa, da duk ƙazantar gidan Iya Mairo maƙwabciyarmu ta sama, suna yawo a inda nake tuƙa tuwo. In share, gobe a sake. Damina ta biyu ina ɗauke da cikinka, ga nauyi ga zafin rai. Wata rana na kwaɓa laka da ciyawa, na tattaro duwatsu, na toshe ramukan nan tam, na bi da yaɓe. Mahaifinka ya gani ya ce, "Anya kuwa?" Na ce in yana son a buɗe, shi ya riƙa sharar. Iya Mairo ta yafa mayafi ta zagayo har ɗakina. Ta ce, "Yarinya, ba a toshe rariya. Ruwan nan ba nawa ba ne, nima daga sama aka miƙo min." Na ce mata, "Iya, kowa ya riƙe ƙazantarsa." Har yau in na tuna yadda ta dube ni sai in ji kunya ta rufe ni.

Aka yi ruwa ƙanana, tsakar gidana fes, ina ta jin daɗi. Aka haife ka cikin marka, ana ruwa, shi ya sa kakarka take ce maka Anaruwa. An yi suna da 'yan kwanaki, ina cikin wankan jego. Ranar kasuwa ce. Mahaifinka yana gona, kakarka mai yi min wanka ta tafi sayo kanwa. Ina kwance a gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashi, kana gefena. Yayarka, lokacin ba ta wuce girman Iro ba, tana 'yar rumfar girki da ke jingine da katangar baya, tana wasa da ludayi. Bayan azahar hadari ya haɗo ta gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Na ji ana kira ta bayan katanga. Muryar Iya Mairo ce, tana cewa, "Ki buɗe, ki buɗe, ya shigo mana ɗaka." Na ji ta sarai. Na gyara kwanciya na ce a raina, yau ku ɗanɗana abin da nake sha. Ban san ruwan unguwa guda ne ya taru a bayan katangata ba, yana jiƙa gindinta, yana tura ta.

Ba ta yi wata ƙara mai yawa ba. Wani irin gum na ji, sai kuma ruwa ja ya banko ƙofar ɗaki. Garwashin ƙarƙashina ya yi cuu, tururi ya cika ɗakin, gadon ya fara narkewa a ƙarƙashin bayana. Na fizgo babbar ƙwaryar da ake yi maka wanka, na sa ka a ciki, na ɗora a kai, na fito. Ruwa ya kai min ƙugu. Na duba inda rumfar girki take, babu rumfa, sai tulin laka da kara, da hannun yayarka yana motsi.

Isiyaku, ka ji abin da ban taɓa iya faɗa maka ba. Na isa wurin, amma hannuwana biyu suna riƙe da ƙwarya. In na sake, ka tafi. Na juya gabas, na juya yamma, babu wuri ɗaya busasshe a gidan nan da zan ajiye ka. Ba turmi, ba rumbu, ba dakali, komai yana cikin ruwa ko yana yawo. Na tsaya ina kallon 'yata a ƙarƙashin katangar da na toshe da hannuna, ina ihu, ban iya sunkuyawa ba.

Ladi ce ta shigo. Ashe ta fake a zaurenmu da itacenta. Ita da Iya Mairo, wadda ta tsallako ta inda katangar ta faɗi, suka tona da hannu har suka jawo yayarka. Ladi ta ɗora ta a kafaɗa, ta kama gefen zanina, ta ja mu muka haura tudu. Ko kalma ɗaya ba ta ce min ba a kan maganar kwaɗi, ba ranar ba, ba daga baya ba. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashin ya kama a karkace. Kafin la'asar sakaliya rana ta fito, ruwan ya janye kamar ba a yi komai ba, kaji suna kiwo a cikin laka.

To ka faɗa min, wane rafi ne ya yi mana wannan? Rafi yana can nesa, bai ko cika ba ranar. Ruwan sama ne kawai, na indararon mutane da na lunguna, ya taru ya nemi gangare, mu kuwa muna kan hanyarsa. Shi ya sa da ka ce min babu rafi kusa, na ji kamar in kama kunnenka in murɗe kamar da.

Kuma naka ya fi nawa ban tsoro. A zamaninmu rufin ciyawa ne da soro, suna shan ruwa su sake shi a hankali. Yanzu bakin titi kowa kwano yake bugawa, kwano kuwa ko ɗigo ba ya riƙewa, duk abin da ya sauka a take yake zubowa ƙasa. Titin kansa an ɗaga shi ya fi gidaje tsawo, ya tare ruwan tudu kamar katangar nan tawa, sai ta kwalbati yake samun wucewa. Ka je ka tsaya a bakin kwalbatin da ke kusa da tasha, ka duba wane layi ya kalla. Sannan ina tunawa, lokacin da ake gina bakin titi nakan kai daddawa kasuwa, bayan tashar nan ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, da damina su zama kududdufai. Daga baya aka cike su da juji. Ban rantse cewa gidanka a kan ɗayansu yake ba, ban gani ba. Amma kai ma ba ka rantse cewa ba a kai yake ba.

Na san za ka ce bangon siminti ba ya faɗuwa kamar na laka. Na ji. Ko bai faɗi ba, in ruwa ya kwanta a tsakar gida salga cika take yi, ta haɗu da rijiyar nan da kake yabo, kuma ita Iro zai sha. Mai jego wuta take so da ɗaki busasshe, safe da yamma ana dafa ruwan wanka. A ina za a hura wutar? Kai kuma aikinka na daji ne, sai ka yi kwanaki ba ka gida. Ranar da abin zai zo, Saude ce kaɗai za ta kasance a ciki, da jariri a hannu da yaro a ƙasa, a garin da ba ta san kowa ba tukuna.

Mahaifinka ya ga ina ta fama da fensir ya ce, "Ki bar yaron nan, ya girma, ya fi mu boko." Na ce masa ruwa bai san boko ba. Sai ya ce, "Rubuta." Mutumin nan tun ranar da katangar ta faɗi bai taɓa ce min ke kika jawo ba, ya kwashe mu muka dawo Kazage, ya yi mana ɗaki a kan tudu, na koma ɗaukar tulu ban sake ƙorafi ba. Yayarka ma ta zo daga Saminaka shekaranjiya, ta hau gangaren ƙofar gida tana hutawa a hanya. Na gaya mata zancen. Ta daɗe tana wasa da Iro, sannan ta ce, "Inna, ki ce masa ya duba inda yara za su zauna in ana ruwa." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ga abin da nake roƙonka. Kada ka ba da kafin alƙalami, kada ka tara shaidu wurin mai unguwa, sai an yi ruwa mai ƙarfi, ba yayyafin farko da ƙasa take shanyewa ba. Ka bari ƙasa ta ƙoshi. Ranar da ka ga hadari ya haɗu sosai, ka bar abin da kake yi, ka naɗe wando, ka je ka tsaya a ƙofar gidan nan ruwa yana dukanka. Ka ga ta ina yake shigowa, ruwan gida nawa ne yake bi ta ciki, ta ina yake fita, kuma in an ɗauke yaushe yake janyewa. In ka ga rariya, ka bi ta har ƙarshenta, ka tabbata na ƙasa da kai bai toshe tasa ba, don irina ba su ƙare a duniya ba. In mai gidan ya ce ba zai jira ba, wani zai saya, ka ce Allah ya sanya alheri. Mutumin da yake gudun damina ta same shi da gidansa, ka tambayi kanka me ya sani. In kuwa gidan ya fita lafiya, ni da kaina zan zo in yi muku daɓe, in ba ka haƙuri a gaban matarka.

In ka ƙi ji, ka riga ka sa ranka, ba zan yi maka baki ba, Allah ya kiyaye. Gidanka ne, guminka ne. Abu ɗaya kawai: ka bar min Saude da Iro a nan har kaka. Ta haihu a kan tudu, in yi mata wanka, in dama mata kunun kanwa, in an ɗauke ruwa ka zo ka ɗauki iyalinka. Kada ka ce in biyo su can in zauna da su, don na yi wannan tunanin na auna kaina. Ƙwaryar nan da na ɗauke ka a ciki tana nan a ɗakina, na ɗinke inda ta tsage. Jiya na sa mata dawa kaɗan na ɗora a kai don in gwada, ban kai ƙofar gida ba wuyana ya ƙi. Sau ɗaya na iya, Isiyaku, kuma ko a ranar, ɗaya kawai na iya ɗauka cikin ku biyu.

Allah ya saukar mana da damina lafiya. Allah ya raba ka da gidan da za ka yi kuka a cikinsa, ya zaunar da kai inda za ka ji ruwa a kan rufi ka gyara kwanciya. Allah ya sauki Saude lafiya, ya raya Iro, ya yi maka albarka. Ka aiko min da amsa ta hannun direban nan, ko da kalma ɗaya ce, ina bakin hanya ranar da zai dawo.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarka.